Goruba a Cikin Muzuru

'Yata ce ta fara lura. Ranar Alhamis bayan la'asar ta same ni a zaure ina duba wasu takardu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, muzurun nan tun jiya da dare yake safa da marwa tsakanin ɗaki da bahon yashinsa. Ya tsuguna, ya daɗe, ya tashi, in na duba ba komai." Na ce mata cikinsa ne ya ɗaure, ta ba shi ɗan man zaitun a cokali, zai warware. Abin da yawancinmu za mu ce ke nan, domin tsugunon kyanwa mai neman bayan gida da na mai neman fitsari kusan iri ɗaya ne a idon wanda bai sani ba.

Da dare ya raba sai muka ji wani kuka daga ƙarƙashin gado. Ba kukan yunwa ba ne, ba kuma irin wanda muzurai ke yi a kan katanga in suna neman mace ba. Gajere ne, mai zurfi, kamar daga ciki ake matso shi. Na haska fitila na gan shi a dunƙule yana ta lasar ƙasan wutsiyarsa. Kafin asuba ya yi amai sau biyu. Da gari ya waye aka ajiye masa kan kifi, abin da a da sai an kore shi daga bakin murhu saboda shi, bai ko shinshina ba. Kukan ma ya daina. Na ɗauka sauƙi ne ya fara samuwa, ashe ƙarfin kukan ne ya ƙare.

A asibitin dabbobin da muka je, tumaki da awaki sun fi yawa, sai masu kaji, sai wani mutum riƙe da karen gadi. Likitar matashiya ce, tana duƙe a kan wani rago lokacin da muka shiga. Ta jiyo abin da 'yata ke faɗa wa mai rubuta kati, sai ta ce wa mai ragon ya yi mata haƙuri, ta taso tana goge hannu. "Namiji ne?" Muka ce e. "Yaushe rabon da ku ga fitsarinsa da idonku?" Muka kalli juna. Ba ta jira amsa ba, ta ciro shi daga kwandon da muka kawo shi a ciki ta ɗora a kan tebur, ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin cikinsa, can wajen ƙafafun baya, ta tattara yatsunta a hankali kamar mai ɗauko ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Ko daƙiƙa biyar ba ta yi ba ta ɗago.

"Malam, kawo hannunka. Taɓa kawai, kada ka matsa."

Na taɓa. Wani abu ne zagayayye, mai tauri, kamar an cusa masa goruba a ciki. Ta ce mafitsararsa ke nan. Ta kyanwa mai lafiya, in ka same ta, laushi gare ta kamar ƙaramar leda mai ɗan ruwa, tana sulɓewa tsakanin yatsu. Wannan ta cika ta yi tam, bangonta ya miƙe ya yi rauni, kuma wanda ya ce zai matse ta don fitsarin ya fito yana iya fasa ta a cikin cikin. Na cire hannuna da sauri.

Sauran bayanin a tsaye ta yi mini, hannunta na aiki. Hanyar da fitsari ke bi daga mafitsara zuwa waje, a jikin macen kyanwa gajeriya ce mai faɗi, shi ya sa da wuya ka ji ta toshe. Ta muzuru doguwa ce, tana lanƙwasa a tsakiya, tana kuma ƙara tsukewa har ta iso bakin mazakutarsa, inda faɗinta bai fi a zura siririn tsinken tsintsiya ba. Abu kaɗan ya isa ya rufe ta. Galibi yauƙi ne da bangon mafitsara ke fitarwa idan ya kumbura, ya haɗu da wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da rairayi da ke taruwa a fitsari, su dunƙule su zama kamar man goge baki da aka cuɗa da yashi. Wani lokaci 'yar tsakuwa ce ta gangaro ta maƙale. Wani lokaci ba a samun komai, naman hanyar ne ya kumbura ya ɗame saboda zafi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ita kuwa ƙoda ba ta san an rufe ƙofa ba, tana ta tace jini tana turo fitsari, har matsin ya koma sama ya tsayar da ita. Daga nan dattin da ya kamata ya fita sai ya zauna a jini. Cikin awa 24 zuwa 48 dabba ta fara amai, ta ƙi abinci, jiki ya mutu. In ba a buɗe ba, kwana uku na iya isa a rasa ta.

Da na ji haka, na sa ran ta nufi ƙasan wutsiya nan take. Ga inda matsala take, me kuma za a jira? Sai na ga ta ɗauko abin sauraron ƙirji ta ɗora masa a haƙarƙari, ido a kan agogon hannunta, leɓenta na motsi. Ta sa masa ma'aunin zafi. Ta ɗaga leɓensa ta dubi dasashi, ta taɓa kunnuwa da tafin ƙafa. Fuskarta ta canza, muryarta ba ta canza ba. Ta ce wa mataimakinta ya kawo kanula da ledar ruwa da kalsiyam, ya kuma ɗumama ruwa a gora a naɗe da tawul.

A nan na fara gane bambancin wanda ya san aiki da wanda ya ji labarinsa. Mafitsara ce ta toshe, amma zuciya ce ke tsayawa. Akwai wani sinadari a jini da ake kira fotasiyam. Jiki na buƙatarsa daidai gwargwado, kuma ƙoda ce ke zubar da rararsa ta fitsari. A jinin kyanwa mai lafiya awonsa yana tsakanin 3.5 da 5.5 ko kusa da haka. Idan fitsari ya tsaya sai ya yi ta hawa, kuma da ya haura 8 wutar da ke tafiyar da bugun zuciya ta fara rikicewa, bugun ya yi nauyi, ya riƙa jan ƙafa, daga bisani ya ɗauke. Kyanwar da aka ɗora a kan teburin asibiti, a tsorace, cikin ciwo, zuciyarta ya kamata ta riƙa gudu, bugu 140 zuwa 220 a minti ɗaya. To idan ka ji ta muzuru mai irin wannan azaba tana bugawa a natse kamar babu abin da ya dame ta, wannan natsuwar ita ce abin tsoro. Ta namu ba ta kai 120 ba. Zafin jikinsa, da ya kamata ya kasance tsakanin digiri 38 da 39, ya faɗo ƙasa da 36.

Wasu likitoci biyu a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka, Justine Lee da Kenneth Drobatz, sun bi bayanan muzurai 223 da aka kawo da wannan toshewar, suka buga sakamakon a 2003. Kusan kashi 12 cikin ɗari ne fotasiyam ɗinsu ya haura 8. Daga baya suka nuna cewa idan bugun zuciya ya gaza 120, zafin jiki kuma ya sauka wajen 35.5, kusan babu shakka muzurun yana cikin waɗannan. Wannan binciken ya fi amfani a wurinmu fiye da inda aka yi shi. A can akwai na'urar da ke auna jini cikin 'yan mintoci, da wadda ke zana bugun zuciya a allo. A nan sau da yawa babu na'urar, ko tana nan babu wuta, ko sai an kai jinin wani wuri an dawo. Likitar da ta riƙe waɗannan alamu biyu a ka, da kunnenta da ma'aunin zafi na 'yan kuɗi kaɗan take karanta abin da ke cikin jini. Yawancin muzuran da ake kawowa ba su kai wannan matakin ba, ana iya wucewa kai tsaye a buɗe musu hanya. Gwanintar ita ce tsamo ɗayan da ya kai, kafin a yi masa allurar barcin da zuciyarsa ba za ta iya ɗauka ba.

Ta aske masa ɗan wuri a ƙafar gaba. Jijiyar kyanwar da jikinta ya yi sanyi, ruwa ya ƙare mata, siririya ce kuma a kwance take, amma a karo na biyu jini ya leƙo a gindin kanula. Aka ɗaura ruwa. Sai ta ja kalsiyam a sirinji ta fara turawa, kaɗan-kaɗan, abin sauraron ƙirji na kunnenta, ta tura ta dakata ta saurara, ta sake turawa. Ya ɗauke ta kusan minti goma. Ta ce kalsiyam ba ya rage fotasiyam ko kaɗan. Garkuwa ce yake yi wa zuciya na ɗan lokaci, minti 20 zuwa 30, kuma in aka yi gaggawar tura shi, shi kansa yana iya tsayar da ita. A cikin wannan 'yar tazarar ake yin sauran. Ta ƙara masa gulukos ta jijiya, wanda ke sa jiki ya saki insulin, shi kuma insulin ya kora fotasiyam daga jini zuwa cikin tsoka. Wasu lokuta ana haɗawa da allurar insulin ɗin kanta, sai dai daga nan dole a riƙa bin sukarin jini kada ya faɗi. Duk wannan siyan lokaci ne. Fotasiyam ba zai bar jiki ba sai fitsari ya fita.

Da ta ji bugun ya ɗan ɗaga, ta ba shi maganin kashe zafi da ɗan abin da zai kwantar da shi, ƙasa da abin da za a ba mai lafiya. Ta riƙe mafitsarar da hannun hagu, ta soka siririyar allura ta fatar ciki, mataimakinta ya riƙa ja da sirinji. Abin da ya fito ja ne kamar zoɓo. 'Yata ta juya baya. Likitar ta ce mata, "Ƙanwata, kada ki damu, bangon mafitsarar ne ya ji jiki, zai warke." Likitoci sun sha bamban a kan wannan sokar. Wasu na gudunta don tsoron huda mafitsarar da ta riga ta yi rauni, wasu na yin ta don tana rage zafi da matsi nan take, tana kuma sauƙaƙa aikin da ke gaba. Ita tana cikin masu yi, amma hannunta bai ko girgiza ba har aka zare allurar.

Sai aka zo kan aikin da nake so in tsaya a kansa, domin ban taɓa ganin haƙurin hannu irin wannan ba.

Aka kwantar da shi, aka aske wurin aka wanke. Ta fito da kan mazakutar, ya yi shuɗi-shuɗi ya kumbura saboda lasa. Ta fara murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, a hankali kamar mai murza zaren auduga. Ta ce sau da yawa curin yana nan a baki, murzar kaɗai ke fito da shi. Wani ɗan farin abu ya leƙo, mai garas-garas, amma fitsari bai biyo ba. Akwai saura a ciki. Ta ɗauko robar fitsari, irin ta mutane ce a ƙira, sai dai kaurinta bai wuce milimita 1.2 ba. Ta shafa mata mai, ta haɗa ta da sirinji mai ruwan gishirin asibiti mai ɗumi, ta miƙa wa mataimakinta sirinjin. Ta zura bakin robar, ya shiga kaɗan ya tsaya.

Na ga inda mai gaggawa zai ɓata komai. Ga abu ya tokare, ga roba a hannu, zuciya na cewa a tura. Ita ba ta tura ba. Ta kama fatar wurin ta ja ta baya, wajen wutsiya, ta ɗan ɗaga har ta yi daidai da layin ƙashin baya. Lanƙwasar nan da ke cikin hanyar fitsarin muzuru, da wannan jan ake miƙar da ita, kuma wanda bai san haka ba zai yi ta sukar bango yana zaton toshewa ce. Ta ce wa mataimakinta, "Bismilla, kaɗan." Ya matsa ruwa. Ya dawo waje. "Ƙara." Ya sake dawowa. Ta ɗan juya robar tsakanin yatsunta, ta janye ta gashi ɗaya, ta ce a sake. Ruwa ne ke buɗe hanya, roba bin sa kawai take yi a baya. Naman wurin ya fi takarda saurin yagewa. In aka keta shi, fitsari zai riƙa malala ƙarƙashin fata ya ruɓar da nama, ko wurin ya warke da tabo ya tsuke har abada, dabbar da aka kawo da ciwo ɗaya ta koma da biyu.

Ban ƙirga sau nawa suka yi ba. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka da kukan ragon can a waje. Zufa ta taru a goshinta, ba ta da hannun sharewa. Can sai na ga babban yatsan mataimakin ya nutse a kan sirinji ba tare da turjiya ba, robar ta zame ciki kamar zare a kafar allura. Ta ce, "Alhamdu lillahi," a ƙasan maƙoshi. Curin ya koma cikin mafitsara, inda za a iya wanke shi. Suka yi ta zuba ruwa suna janyewa, zoɓo ya koma kamar ruwan wankin nama, daga nan ya fara washewa. Ta canza wata roba mai laushi wadda za ta zauna, ta ɗinke ta a jikin fata, ta haɗa ta da leda ta rataye ƙasa da kejin da za a kwantar da shi, ta sa masa wani abu a wuya mai kama da mazurari don kada ya kai baki ya cire.

Na ɗauka an gama. Ta ce yanzu aka shiga rabi na biyu. Ƙodar da aka danne, idan aka sake ta, takan ɓalle da zuba. Muzuru mai kilo 4 a ka'ida yana yin fitsarin da bai wuce mililita 4 zuwa 8 a awa ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi. Bayan an buɗe toshewa yana iya ninka wannan sau da yawa, har ruwan jikinsa ya ƙare, fotasiyam ɗin da ya kusa kashe shi da yawa ya koma yana barazana da ƙaranci. Saboda haka duk bayan 'yan awoyi ana juye ledar a auna, a daidaita ruwan da ke shiga da wanda ke fita. Akwai kuma magungunan kashe zafi da ba a taɓa ba shi a wannan halin, domin suna ƙara wa ƙoda nauyi. Na ga katin da aka liƙa a kejin, layi-layi, lokaci da awo, har da na ƙarfe biyun dare.

Kwana biyu muna zarya, kuma a zaman jiran ne na tambaye ta abin da ya jawo. Ta ce kyanwar gida jikar kyanwar dajin Afirka ce, wadda har yau tana nan a dazukan Sahel. Dabbar ƙasa mai ƙarancin ruwa ce, ba ta cika jin ƙishi ba, ƙodarta ta iya tattalin ruwa, fitsarinta kuma mai kauri ne. A daji ruwanta na cikin abincinta, domin ɓera kusan kashi 70 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne. Busasshen abincin kyanwa na leda, wanda ya fara shiga gidajenmu na birni tare da kyanwoyi masu dogon gashi, ruwansa bai wuce kashi 10 ba. Ka haɗa wannan da zafin bazara, da kwanon ruwa guda ɗaya da ya wuni a rana, da muzurun da ya yi ƙiba don ba ya fita. Namu ke nan, babu abin da ya rage.

Ta ce ruwa ba shi ne duka labarin ba. Wani likita a Jami'ar Jihar Ohayo, Tony Buffington, ya shafe shekaru yana nazarin kyanwoyin da mafitsararsu ke kumbura ba tare da ƙwayar cuta ko tsakuwa ba, ya gano cewa jikinsu ya fi na sauran saurin ɗaukar tashin hankali. Baƙo a gida, sauyin wurin kwana, wata kyanwa da ke leƙowa ta taga, hayaniya, bahon yashi mai datti, duk suna iya sauka a kan mafitsara. A 2011 ya raɗa wa abin suna ciwon Fandora, daga tatsuniyar Girkawa ta matar da ta buɗe abin da masifu suka fito daga ciki. Na tuna cewa a makon nan aka yi suna a gidanmu, kwana uku gida cike da mata da yara, an kuma ɗauke bahon yashinsa daga lungun da ya saba an kai bayan ɗakin girki.

Ita tsakuwar ma iri-iri ce. A 1981 Carl Osborne ya kafa wata cibiya a Jami'ar Minesota inda likitoci daga ƙasashe da dama ke aika duwatsun da suka ciro daga mafitsarar dabbobi a tantance su. A farkon shekarun, yawancin na kyanwa irin da ake kira siturubait ne, wanda ke son fitsari marar tsami. Kamfanonin abinci suka gyara haɗinsu don fitsari ya yi tsami, wannan irin ya ragu, sai wani irin, kalsiyam okzalet, ya yi ta ƙaruwa cikin shekarun 1990. Na farkon abinci na musamman na narkar da shi, na biyun ba ya narkewa sai an ciro shi. Shi ya sa ba ta ce mini in sayi kaza ba sai da ta ɗiga fitsarinsa a gilashi ta duba a madubin likita.

Akwai maganar kuɗi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Wani da muka zauna benci ɗaya ya ce mini, ba da mugunta ba, "Malam, duk wannan a kan mage?" Na fahimce shi. Amma dabbar da ka rufe a gidanka, ka zaɓa mata abin da za ta ci da inda za ta tsuguna, haƙƙinta na wuyanka, kuma kowane ɗan makarantar allo ya ji labarin matar da ta halaka saboda kyanwar da ta tsare. Abin da ya burge ni shi ne likitocin ba su manta da marar hali ba. A 2010 Edward Cooper da abokan aikinsa a Ohayo sun gwada wata hanya a kan muzurai 15 da masu su ba su iya biyan cikakken magani ba: maganin kashe zafi da na kwantar da jiki, zuƙe fitsari da allura lokaci-lokaci, ruwa ƙarƙashin fata, da ɗaki mai duhu marar hayaniya, babu roba. Guda 11 sun koma yin fitsari da kansu. Ba ta kai hanyar roba tabbas ba, ba kuma ta dace da wanda jininsa ya riga ya lalace kamar namu ba, amma ta fi a ce wa mutum ya koma gida ya jira mutuwa. Da cikakken magani kuwa, fiye da kashi 90 cikin ɗari na muzuran da aka kwantar suna komawa gida da ransu.

Tun ranar farko ta tambaye ni ko mun ba shi wani magani, na ce man zaitun kawai, amma na so in ɓantara masa farasitamol da daren nan, Allah bai nufa ba. Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol yadda tamu ke yi. Ƙwaya ɗaya ta isa ta lalata jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura. Akwai makarinsa in an zo da wuri. Tafarnuwa da albasa ma, da muke ɗauka magani ne, suna farfasa mata jini. Maganin kaska na kare mai sinadarin fametirin yana sa ta karkarwa da farfaɗiya, fiya-fiya kuma dalala da makyarkyata. Ta kuma lissafa mini wasu alamun gaggawa. Ta ce in kyanwa ta buɗe baki tana haki kamar kare alhali ba gudu ta yi ba, numfashi ne ke neman ƙwace mata, kuma a nan gwaninta ita ce a rage taɓa ta, a ba ta iska a bar ta ta natsu, domin kokawar riƙewa kaɗai na iya ƙarasa ta. In ƙafafun baya suka mutu farat ɗaya, suka yi sanyi, tana ihu, gudan jini ne daga zuciya ya toshe babbar jijiya. In kuma an kawo mai amai daga gidan tela ko masu ɗinkin hula, abu na farko da take dubawa shi ne ƙarƙashin harshe, inda zare ke naɗewa sauransa ya wuce hanji. Wanda ya ga zare na leƙowa ta dubura kada ya ja, yanka hanji yake kamar wuƙa.

Ranar Lahadi da safe fitsarin da ke cikin leda ya koma ruwan ɗorawa, muzuru ya ci ɗan naman kaza da romo, ya kuma kai wa mataimakin yaƙushi, abin da likitar ta ce alheri ne. Ta warware ɗinkin ta zare robar. Ta gargaɗe mu cewa kwanakin farko su ne na haɗari, domin hanyar na nan a kumbure, tana iya sake rufewa. Wanda abin ya yi ta dawo masa, akwai tiyatar da ake cire tsukakken bakin a buɗe masa mafita mai faɗi irin ta mace, amma ba da ita ake farawa ba. Ta ce ba za ta sallame shi ba sai ta ga ya yi da kansa.

Aka sa masa bahon yashi mai tsabta a kejin, aka rufe gefe ɗaya da zane. Muka zauna. Azahar ta yi, na je masallaci na dawo, 'yata na nan inda na bar ta. Wajen ƙarfe uku ya miƙe, ya shiga bahon, ya tona, ya juya, ya tsuguna. Likitar ta zo ta durƙusa a gefen kejin, ta ɗaga mana hannu kada mu yi motsi. Wutsiyarsa ta ɗan karkaɗa. Sai yashin da ke ƙarƙashinsa ya fara yin duhu, duhun na faɗaɗa har ya kai faɗin tafin hannu. Ya tashi ya shinshina, ya tura yashi ya rufe.

Ta ciro shi, ta zura hannu inda ta zura ranar Juma'a, ta lalluba, sannan ta kamo hannun 'yata ta ɗora a wurin. "Kin ji? Babu gorubar. Haka za ki riƙa ji kullum da safe. Ki jiƙa masa abincinsa, ki ajiye ruwa wuri uku a inuwa, ki mayar masa da bahonsa lungun da ya saba. In kin tankaɗe yashi ki ƙirga curin da ya jiƙe. Ranar da kika ga ƙanana barkatai, ko kika ga babu, kada ki jira Baba ya dawo daga aiki, ki kira ni." Ta duba agogo, ta rubuta lokacin a layin ƙarshe na katin, ta koma wajen wata akuya da ke jiranta a bakin ƙofa.